Tattalin Wuta a Birnin Kano

Duk baƙon da ya hau Dutsen Dala bayan sallar magariba, ya dubi birnin Kano daga can bisa, zai ga abin da zai ba shi mamaki. Zai ga wata unguwa ta haskaka tar, maƙwabciyarta kuwa tana cikin duhu, ba abin da ke fitowa daga cikinta sai rurin janareta da ƙyallin 'yan fitilun batir. In ya ƙara jimawa kaɗan sai ya ga abin ya juya, mai haske ta koma duhu, mai duhu ta sami haske. Dalili kuwa shi ne wutar lantarkin da ke isowa Kano ba ta kai abin da mutanenta ke bukata ba, saboda haka tilas a riƙa rarraba ta, kamar yadda a kan bi layin rijiya da bazara.

Wannan hali shi ya mai da maganar tattalin wuta babbar magana. Amma fa ba sabuwa ba ce a birnin Dabo. Kanawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune da yawa a wuri ɗaya, a ƙasar da itace ba shi da yawa, ba su kuwa rasa abin dafa tuwo ba. Har wa yau Kano tana cikin garuruwa huɗu na Nijeriya waɗanda lantarkinsu na farko ya zama mallakar En'e, aka yi shi da kuɗin harajin mutanen ƙasa. Yadda aka sami wannan wuta, da yadda ta bar hannun mutanen gari, da yadda al'adar tattali ta raunana a tsakani, labari ne mai amfani ga na yanzu da na baya.

Zamanin itace da acibalbal

Tun kafin a gina ganuwa wuta ce tushen arzikin wannan wuri. Masu binciken kayan tarihi sun tono murhun narkar da tama a gindin Dala, suka ƙiyasta na ƙarni na 7 ne na Miladiyya, watau fiye da shekara 300 kafin zuwan Bagauda a 999. Tama ba ta narkewa sai da gawayi, gawayin maƙera kuwa galibi na ƙirya ne, domin ya fi zafi, ya kuma fi daɗewa yana ci. Sa'ad da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ganuwa, daga baya Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, sai birni ya cika da masu sana'a, kowa da irin bukatarsa. Maƙera na neman gawayi, masu tuya da masu gashi na neman itace, marina kuma na neman toka don haɗa baba. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano cikin shekara ta 1851, ya ƙiyasta mazaunanta sun kai 30,000, ya ce lokacin da fatauci ya kankama su kan ninka haka.

Jama'a mai wannan yawa, da ba a yi dabara ba, da ta cinye dajin da ke kewaye da ita cikin 'yan shekaru. Dabarar kuwa a gonaki ta fara. Manoman karkarar Kano ba su kan share gona ƙaƙaf ba, sai su bar ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo a tsaye, su riƙa sarar rassa kaɗan kaɗan suna barin gindi ya sake tohowa. In an yi girbi a tara karan dawa da na gero, wasu a yi danni, wasu a kai murhu. Da sassafe jakuna su kan shigo ta ƙofofin birni ɗauke da itace da kara, da rana kuma su fita da mangaloli cike da toka da shara da kashin dabbobi, a kai gona a yi taki. Ke nan abin da birni ya ƙona ya kan koma ƙasar da ya fito. Wani Bature malamin jami'a mai suna Michael Mortimore, wanda ya yi koyarwa a Zariya da Kano, ya bi diddigin wannan al'amari tun daga shekarun 1960. Shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi kan itacen wuta na Kano a 1990, inda suka nuna itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ƙare ba kamar yadda aka yi tsoro, domin kowane itace yana da mai shi, mai shi kuwa ya san darajarsa.

A cikin gida ma haka abin ya ke. Kafin zuwan ashana kunna wuta da ƙyastu aiki ne, don haka uwar gida ta kan binne garwashi cikin toka da dare, da asuba ta tone ta hura. Wadda tata ta mutu sai ta aiki yaro da tsingaro ya ɗebo a maƙwabta, ba a kuwa hana wa maƙwabci wuta. In tuwo ya nuna a zare sauran bakin wuta a kashe, a ajiye don gobe. Fitilar acibalbal, wadda a ke zuba wa man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin abduga, ba a kan bar ta tana ci a ɗakin da ba kowa ba. Almajirai kuma in za su yi karatun dare, kowanne ya kan kawo nasa rabon kara, a hura wuta guda, su kewaye ta da allunansu.

Ginin birni shi kansa tattali ne. Bangon tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa su kan tare zafin rana, su sake shi sannu a hankali da dare, saboda haka ɗaki ya kan yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Lunguna masu ƙunci suna yi wa juna inuwa. Ko katsin da a ke kwashewa daga rijiyoyin marina, irin na Ƙofar Mata, ba a kan zubar ba, magina ne ke haɗa shi su yi shafe don kada ruwan sama ya ci gini.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kananzir da fitilar ƙwai da ashana suka yawaita. Duk da haka al'adar ba ta sake ba, domin da kwalba a ke auna kananzir, kamar yadda a ke sayen itace da dami. Mai gida yana ganin abin da ya ƙona da idonsa, daga aljihunsa kuma kuɗin ke fita. In dare ya yi nisa sai a rage lagwani.

Lantarkin En'e

A Ikko aka fara kunna lantarki a Nijeriya, cikin shekara ta 1896. A Arewa kuwa masu haƙar kuza na Jos ne suka yi gaba, har aka kafa kamfanin NESCO a 1929 yana samar da wuta da ƙarfin ruwan Kurra. Waɗannan duka na Gwamnati ne ko na kamfanonin Turawa. Na Kano ya sha bamban.

Tun zamanin Sarki Abbas (1903–1919) aka kafa Baitulmali, inda a ke tara rabon En'e daga haraji da jangali. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa bayan zuwan jirgi, kuɗin Baitulmalin Kano ya yi yawa har aka sami rara mai kauri. Aka fara shawarar a yi amfani da ita a kawo wa birni ruwa da wuta tun zamanin Sarki Usman (1919–1926), amma Allah bai nufa ya ga aikin ba. Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, shi ya tsaya a kan maganar. Aka fara aiki a 1927 a bakin kogin Challawa, wajen Panshekara, aka buɗe shi a 1931.

Ruwa da wuta tare aka haife su a Kano. Injunan Challawa su ke samar da lantarki, lantarkin ya tura ruwa ta cikin bututu har zuwa tanki bisa Goron Dutse, daga can ruwan ya gangaro da kansa zuwa famfunan unguwanni, sauran wutar kuma a kunna fitilu da ita. Sunan Ƙofar Famfo, da ke yammacin ganuwa, yana tuna wa mutane wannan zamani. Tanki bisa dutse kuwa wani irin rumbu ne, domin ruwan da aka riga aka hau da shi ƙarfin inji ne aka ajiye, a na iya cika shi sa'ad da injin ya sami sarari, a sha sa'ad da a ke so. Wuraren hukuma da manyan hanyoyi da gidajen masu hali su ne suka fara samun wuta. Talakawa dai sun daɗe da fitilarsu ta ƙwai.

Ba za a ce En'e jam'iyyar gama kai ba ce. Haraji tilas ne, talaka kuma ba shi da ƙuri'a kan yadda za a kashe shi. Amma kuɗin na ƙasar Kano ne, injin yana ƙasar Kano, masu kula da shi kuma suna cikin gari. Mai kuka ya san hanyar da zai bi, daga mai unguwa zuwa wakilin fuska, daga nan zuwa majalisar Sarki. Da ya ke injin ƙarami ne, kowa ya san iyakarsa, ba a kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yadda wuta ta bar hannun mutanen gari

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bukatar lantarki ta ƙaru ƙwarai a dukkan manyan garuruwa, ƙananan injuna suka kasa. Gwamnati ta ga ya fi kyau a tattara aikin a hannu ɗaya, ta yi doka a 1950 ta kafa Hukumar Lantarki ta Nijeriya, wadda a ke kira ECN. Ran 1 ga Afrilu, 1951, hukumar ta fara aiki, ta karɓi injunan Gwamnati, daga baya kuma ta karɓi na En'e guda huɗu, watau na Kano da Katsina da Ibadan da Abekuta. Wajen shekara 20 ke nan lantarkin Kano ya yi a hannun En'e.

Wannan canji ya kawo alheri mai yawa da farko. Masana'antu suka tsiro a Bompai, daga baya a Sharaɗa da Challawa. Aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wadda ƙarfinta ya kai megawat 760, aka jawo manyan wayoyi zuwa Kaduna, daga can zuwa Kano. A 1972 aka haɗa ECN da hukumar madatsun Kwara aka yi NEPA. Ga kuɗin man fetur ya shigo, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, sai fanka da firiji da dutsen guga da talabijin suka shiga gidajen da da ba su san su ba. A cikin birni aka shiga rushe soraye a na gini da bulo da siminti, a na rufi da kwano. Ɗakin kwano kuwa da bazara murhu ne, ba ya kwantuwa sai da fanka. Ke nan gidan da da ya ke sanyaya kansa ya koma mai jiran wuta daga wani kogi da ke ɗaruruwan mil daga Kano.

Aka ƙara madatsar Jebba a 1985, da ta Shiroro a 1990. Daga nan aka yi shekaru masu yawa ba a yi wani babban gini ba, alhali kuwa jama'a na ta ƙaruwa. Ɗaukewar wuta ta zama abin yau da kullum, ta kuma shiga cikin dalilan da suka sa masaƙu da masana'antun Kano da yawa suka rufe ƙofa. A 2005 aka yi dokar da ta wargaza NEPA, ta kafa hukumar kula da farashi da ƙa'idoji mai suna NERC. Ran 1 ga Nuwamba, 2013, aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, aka yanka masa kashi 8 cikin 100 na wutar ƙasa. Tun daga lokacin, abin da dukkan injunan Nijeriya ke turawa cikin manyan wayoyi galibi bai kan wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Ke nan rabon jihohin nan uku, waɗanda mutanensu suka haura miliyan 19 tun a ƙidayar 2006, da ƙyar ya kan kai megawat 400. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata babbar wayar Shiroro zuwa Kaduna, wata kuma da ke biyowa ta Makurɗi ta sami matsala, Kano da yawancin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Tela da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara duk suka ji a jikinsu.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika ambata ba, ita ce ta kuɗin ƙiyasi. Gidan da ba shi da mita, a kan rubuto masa kuɗi ne bisa kintace, ya ƙona da yawa ko ya ƙona kaɗan. Har ƙarshen 2024 fiye da rabin masu wuta a Nijeriya ba su da mita. Wanda kuwa ya san tattalinsa ba zai rage masa ko kwabo ba, me zai sa ya tashi ya kashe fitila? Shi ya sa a kan ga ƙwan lantarki yana ci a ƙofar gida da rana tsaka, a unguwar da kakannin masu ita ke rage lagwani. Mutanen ba su sake hali haka kawai ba, ma'aunin ne aka ɗauke daga gabansu.

Abin da ya sa magariba ta fi wuya

Lantarkin da ke bin waya ba a tara shi a rumbu. Abin da injuna suka samar a wannan daƙiƙa, a cikinta a ke shanye shi, in kuwa masu ja suka fi masu samarwa yawa, tilas a yanke wasu, in ba haka ba tsarin duka ya durƙushe. Daidai ruwa daidai tsaki ke nan. Bukatar mutane kuma ba daidai ta ke ba cikin yini. Da tsakar dare ta kan yi ƙasa. Daga magariba zuwa bayan isha'i kuwa, sa'ad da kowa ya koma gida, a ke kunna fitila da fanka da talabijin da abin dafa ruwa a lokaci guda, sai ta yi tsiri. Da bazara, watannin Maris da Afrilu da Mayu, tsirin ya kan fi tsawo, ga shi kuwa ƙarshen rani ne, ruwan madatsu ya ja baya.

Kowace waya da kowace taransifoma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In aka wuce iyakar sai ta yi zafi, wuta ta yi rauni, fis ya ƙone, wani lokaci taransifomar kanta ta ƙone, unguwa ta kwana makonni cikin duhu. Saboda haka tattalin lantarki iri biyu ne. Na farko a yi aiki ɗaya da wuta kaɗan, kamar a sake ƙwai mai cin wuta da maras ci. Tsohon ƙwai mai zaren ƙarfe a ciki kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ke sha zafi ya ke zama, ba haske ba. Ƙwai na zamani da a ke kira LED, mai wat 9, yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa. Na biyu kuwa a kawar da aikin da zai iya jira daga lokacin cunkoso zuwa lokacin sarari, kamar guga da tura ruwa tanki da daskarar da ƙanƙara.

Dabarar jam'iyyun gama kai

Inda aka fi gwada waɗannan dabaru a hannun jama'a shi ne karkarar Amurka. Cikin shekarun 1930 gona ɗaya tak cikin 10 ke da lantarki a ƙasar, domin kamfanoni sun ce jan waya zuwa ƙauye ba riba. A 1935 Shugaba Roosevelt ya kafa hukumar ba da rance don kai wuta karkara. Manoma suka kafa jam'iyyun gama kai, kowa ya biya dala 5 kuɗin shiga, suka karɓi rance suka kafa falwayoyi da kansu. Kafin 1955 fiye da gona 9 cikin 10 ta sami wuta. Jam'iyyun nan sun kai wajen 900, suna ba mutane kimanin miliyan 42 wuta. Duk wanda ke shan wuta ɗan jam'iyya ne, yana da ƙuri'a ɗaya wajen zaɓen shugabanni, in kuma an sami rara a ƙarshen lissafi, su a ke mayar wa.

Yawancinsu sarin wuta su ke yi daga manyan injuna, wani kashi na kuɗin sarin kuwa bisa tsirin bukatarsu a ke yanka shi, watau awar da suka fi ja. Da farashin mai ya tashi a 1973, sai suka dukufa wajen rage wannan tsiri. Su kan nemi yardar ɗan jam'iyya su ɗaura wani ɗan makunni a jikin tukunyarsa ta dafa ruwa, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko injin ban ruwa. In lokacin cunkoso ya zo, daga ofis a ke aika sigina a kashe su na ɗan lokaci, bi da bi, ruwan tukunya bai huce ba aka mayar, a kuma rage wa mai gida kuɗi a takardarsa ta wata. Su kan sa farashin tsakar dare ya fi arha. Su kan aika ma'aikaci ya duba gida ya nuna inda wuta ke zurarewa, wasunsu har su ba da rancen gyara, a riƙa biya kaɗan kaɗan cikin kuɗin wuta, daga abin da gyaran ya rage. Abin ya zo musu da sauƙi ne domin mai sayarwa da mai saye mutum ɗaya ne. Kamfanin 'yan kasuwa ribarsa na ƙaruwa in an sha wuta da yawa, jam'iyya kuwa ribarta ita ce kuɗin 'ya'yanta ya ragu. Ƙasar Bangaladesh ta kwaikwayi wannan tsari tun daga 1977.

A nan Afirka ta Yamma ma an ga amfanin tattali. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Gwamnatin Gana ta raba ƙwai maras cin wuta miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin. Tsirin bukatar ƙasar ya ragu da megawat 124, watau kusan sulusin rabon Kano da Katsina da Jigawa, ba tare da an gina inji ko ɗaya ba.

Abin da birni ke da shi a hannu

A Nijeriya an yi dokar jam'iyyun gama kai tun 1935, amma a Arewa aikinsu ya tsaya ga cinikin gyaɗa da auduga da ba da rance, bai kai ga lantarki ba. Duk da haka tushen abin yana nan cikin birni. Hausawa sun san gayya, sun san adashi. In taransifomar unguwa ta ƙone, sau da yawa a kan taru a ƙofar gidan mai unguwa ko a masallaci bayan sallar isha'i, a naɗa 'yan kwamiti, a yi karo-karo gida gida a gyara ta. Wannan rabin jam'iyya ne, sai dai ba ta tashi sai ɓarna ta auku, ga shi kuwa rigakafi ya fi magani.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka unguwa ce mai gida 200, kowane gida da ƙwai 5 masu wat 60. In aka kunna su duka da magariba, kilowat 60 ke nan a kan taransifoma. In aka sake su da masu wat 9, sai abin ya koma kilowat 9, an sauke mata kilowat 51. In kuma masu guga da masu ƙanƙara da masu tura ruwa suka yarda su bar tsakanin magariba da isha'i ga masu fitila da fanka, taransifomar da ke ƙonewa kowace bazara sai ta kai damina lafiya.

Zamani ma ya kawo wata ƙofa. A 2018 aka fara ba rumfunan Kasuwar Sabon Gari wutar hasken rana da mita, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. A 2019 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma wata mai megawat 10 a Kumbotso. Tun 2016 NERC ta yi ƙa'idar da ta ba da damar kafa ƙaramin tsarin wuta na unguwa ko ƙauye, wanda bai wuce megawat 1 ba, bisa yarjejeniya da mutanen wurin, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ga tsada ta ƙara tura mutane, domin an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, a watan Afrilu na 2024 kuma aka kai farashin wuta naira 225 kowane kilowat na awa guda ga waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini. Sai dai rana tana faɗuwa ne daidai sa'ad da bukata ke tashi, don haka wutar dare daga batir za ta fito, batir kuwa yana cikin mafi tsadar kayan. Gidan da ya rage abin da ya ke ja da magariba shi ne zai iya sayen batirin da zai ishe shi.

Akwai wahaloli, ba a ɓoye su. Gidan gado ɗaya a cikin birni ya kan ƙunshi magidanta da yawa a kan waya guda, raba kuɗi tsakaninsu kan jawo rigima. Akwai masu jan wuta ta ɓarauniyar hanya, nauyinsu kuwa a kan maƙwabta ya ke sauka. Talaka ya kan sayi kaya mai arha yau ko da zai ci masa kuɗi gobe, domin na yau ne ke hannunsa. Ƙungiyoyi da yawa kuma amana ce ta kashe su, sa'ad da ma'aji ya ci kuɗin jama'a. Bayan wannan duka, tattali ba zai maye gurbin gina sababbin injuna da wayoyi ba, wannan nauyi ne na hukuma da kamfanoni. Abin da tarihin birni ya nuna shi ne, duk lokacin da Bakano ya ga ma'auni da idonsa, ya kuma san abin nasa ne, ya kan yi tattalinsa, ko itacen gona ne ko man fitila. Mita a kowane gida da kwamiti mai amana a kowace unguwa su ne za su mayar masa da wannan ma'auni.

Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, bayan lantarkin da ya tsaya aka yi ya koma hannun hukumar ƙasa. Allah ya jiƙansa, da shi da magabatan da suka riƙe wannan birni da ɗan abin da ke hannunsu, ya kuma ba na baya basirar tattalin abin da suka samu, amin.